Turaren Ya Kaltum Ya Ƙi Ƙamshi

Duk unguwar Mafoni babu wadda ta kai Ya Kaltum iya haɗa turaren wuta. Daga bakin layi za ta shaƙi hayaƙi ta gaya miki wane icce ne, wane mai aka zuba masa. To, ana cikin kullen koronar nan autarta Rahmat ta haihu a Bolori. Namiji, ƙato, tubarkalla! Aka tsayar ranar Asabar, da za a sassauta kulle, za a kawo mai jego gida wanka.

Ranar Talata Ya Kaltum ta share ɗaki, ta hura garwashi, ta zuba turaren da ta haɗa wa jikanta. Ba ta ji komai ba. Ta ƙara. Shiru. Ta damƙo cike da hannu ta maka, ta kafa hanci a bakin kasko tana tsine wa mai icce.

Sai ga maƙwabciyarta Phebe, wadda take kira Maman Zion, mai shara a wani asibiti, ta faɗo tana tari.

"Ya Kaltum, gobara ce? Ƙamshi har layin baya!"

"Wane ƙamshi, Maman Zion? Iccen girki ɗan banzan nan ya ba ni."

Phebe ta ja da baya, ta toshe hanci da ɗankwali. "Ba jiya kika ce jikinki na ciwo ba? Shinshina daddawar miyarki mu gani."

Ta shinshina. Kamar ta shinshina dutse.

"Haka koronar nan take fara wa wasu. Ki kira lambar nan ta rediyo, su zo su gwada ki kafin jaririn ya iso."

Ta kira. Waya ta yi ta ƙara har ta gaji. Laraba ma haka. Da yamma kuwa ga manya a talabijin daga Abuja, sun jeru reras, kowa da takunkuminsa mai kyau, suna zuba Turanci wai komai na tafiya daidai.

"Daidai a gidan uban wa?" in ji Ya Kaltum, tana nuna su da ludayi. "Kun rufe kasuwa, kun rufe masallaci, kun rufe cocin su Maman Zion, amma ɗaga waya ya gagare ku!"

Ranar Alhamis wani ya ɗauka. "Hajiya, kin yi tafiya ƙasar waje?"

"Ni da ko Damaturu ban sani ba? Jikana za a kawo mini jibi, ɗan kwana tara. Ku zo ku gaya mini in ɗauke shi ko kar in ɗauka!"

"Muna zuwa."

Ba ta faɗa wa Rahmat komai ba, tana jiran su zo su ce mura ce. Juma'a ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta wuni tana leƙen hanya. Ko kare bai tsaya ba.

Asabar da hantsi keke ya tsaya a ƙofa. Ta kafar ƙyaure ta hango Rahmat rungume da jariri, ga mijinta Ajimi yana sauke jaka, ga gwaggonsa da ta yi rakiya. Hannun Ya Kaltum har ya kai kan sakata. Sai ta tura ta, ta ƙara dannewa.

"Mama, mu ne!"

"Na gan ku. Kar ku matso."

Ta faɗa musu komai ta bayan ƙyaure. Gwaggo ta tafa hannu. "Yau ga abin kunya! Uwa ta rufe wa mai jego ƙofa? Cutar masu hawa jirgi me ya kawo ta Mafoni? Ki ce dai ba ki shirya ba."

"Ki yaɗa ni har unguwar Mairi, Hajiya. In ciwon ne, ke za ki ba shi numfashi? Waɗanda ya kamata su zo su raba mu gardama kwana huɗu ina jiransu!"

Rahmat ta fashe da kuka. "To ina zan je, Mama? Wa zai yi mini wanka?"

Phebe ta fito daga gidanta, ta ɗauki jakar. "Ɗakin Vivian babu kowa tun da ta yi aure. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Uku na haifa, ruwan zafi ba zai gagare ni ba."

Gwaggo ta buɗe baki, Ajimi ya riga ta. "Mun gode, Mama Phebe." Ya kinkimi sauran kayan.

Ya Kaltum ta jawo turmi ta kifa a gindin katanga, ta hau. Daga can nesa Rahmat ta buɗe zani ta ɗaga mata jaririn. Ga kai cike da gashi, ga ƙafa yana ta harbi, lafiyarsa ƙalau. Hawaye suka zubo mata, ta share da haushi.

"Maman Zion! Ruwan nan sai ya tafasa sosai, kar ki ji tausayinta! Ke kuma rufe masa kai, kin tsaya kina kallona!"