Wule a Tsakiyar Kwalta

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, titin Sakkwato ba na mutanen ƙauye ba ne. Na tireloli ne da 'yan kabu-kabu, masu gudu kamar an ce musu yau za a rufe boda. Rugar su Boyi kuwa, wani tsohon Bafulatani, tana gabas da titin, ruwan da shanunsa ke sha yana yamma. A shekara biyu mota ta kashe masa shanu huɗu.

Tsohon bai kai ƙara ko'ina ba. Sai ya zaɓi Wule, jar saniya mai farin goshi wadda ke jan garken, ya koya mata abu guda: in ta ji rurin mota kusa ta kwanta, kada ta motsa sai ta ji kiransa. In ta kwanta, sauran su tsaya. Daga nan bai sake asarar ko maraƙi ba.

Amma ƙarfinsa ya ja baya, 'ya'yan duk sun koma sana'ar babur, garken ya yi ta raguwa. Wannan Lahadin ya kai Wule kasuwa, wani falken shanu, Alhaji Sahabi, ya saye ta. Boyi bai tsaya ganin lodi ba, don zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ya saɓa sandarsa ya kamo hanyar gida a ƙasa.

Da la'asar, kusa da kwanar rugarsu, ya tarar da motoci sun yi layi har inda ido ya ƙare. Tirelar Alhaji Sahabi ce, wadda ta wuce shi ɗazu, ta kauce wa mai babur, ta faɗi. Direba da Alhajin sun fita da rai. Shanu sun cika titi a firgice, jama'a na jibgarsu ta baya, su kuwa sai zagaye suke yi wuri guda. Ɗan birni dai gani yake saniya jaka ce, sai da duka take tafiya.

Mahauta sun riga kowa isowa, kamar kullum. Duk dabbar da ta karye sai su yi maza su yanka kafin ta zama mushe, kuma a nan ba su yi laifi ba. Sun gama da uku. Ta huɗun tana kwance a tsakiyar kwalta, sauran sun kewaye ta. An ja wutsiyarta, an murɗa kunnenta, ko gezau. Wani mahauci, Badaru, ya riga ya durƙusa yana goga wuƙa a tafin hannu.

Boyi ya hango farin goshin, ya kutsa cikin jama'a.

"Dakata, ɗana," in ji shi. "Wagga saniya lahiyatta lau."

Badaru ya yi dariya. "Baba, mi ka sani? Bayanta ya karye. Tun ɗazu muka bugunta ba ta tashi ba. In ta mace haka, kai za ka amsa ma Alhaji?"

Alhaji Sahabi na tsaye, babbar riga duk ƙasa, direbobi na ta danna masa oda. "Baba, ka riga ka saisuwa, ka karɓi kuɗinka. Bari a yanka a buɗe hanya."

"Taka ta, Alhaji, ban musa ba. Amma ku sa a kashe injin motocin ga, ku aje sandunan."

Aka yi ta gunaguni, amma furfura ta sa aka bi. Mota bayan mota suka yi shiru, har aka fara jin numfashin shanun. Boyi bai taɓa saniyar ba. Ya wuce gabanta, ya ba ta baya, ya ɗora sanda a kafaɗa, ya yi kira da Fulatanci, a hankali, yadda yake yi kowace safiya.

Wule ta ɗaga kunne. Ta turo ƙugu sama, ta miƙe tsaf a kan ƙafafunta huɗu, ta bi bayansa. Shanun da ba su taɓa ganin Boyi ba, na Nijar da na gida, suka jeru a bayanta har suka sauka daga titin. Badaru ya dubi wuƙarsa, ya mayar da ita kube, kunya ta rufe shi.

Boyi ya ji wani daɗi da rabonsa da shi tun yana saurayi. Bai nuna ba, ba ɗabi'arsu ba ce, sai dai tafiyarsa ta canza.

Motoci suka fara wucewa, wasu direbobin na ɗaga masa hannu. Alhaji Sahabi ya biyo shi gefen hanya, ya daɗe yana kallon saniyar.

"Baba, gahwara. Da na kai wagga kudu a yanka, da na yi ɓarna. Tai da ita ka yi mani kiwo. Abin da ta haihwa mu raba."

Boyi ya shafa wuyan Wule.

"Na karɓa, Alhaji," ya ce. "Amma ranar da za ka zo ganinta, ka aje motarka nesa."