Takardar Korar Noreen

Kusan shekara uku ke nan da jama'a suka kaɗa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, amma majalisa a Landan ta kasa gaba ta kasa baya. Sau biyu gwamnati tana kawo yarjejeniyar fita, sau biyu ana watsa mata ƙasa a ido. Masu son a fita sun ce yarjejeniyar ta yi sanyi, masu son a zauna sun ce ta yi zafi, kuma dukkansu 'yan jam'iyya ɗaya ne, suna zama kafaɗa da kafaɗa a kan koren benci ba mai kallon wani.

Clive Hebblethwaite yana cikin masu tsawatarwa na jam'iyyar da ke mulki. An damƙa masa 'yan majalisa talatin, aikinsa ya san inda kowannensu zai jefa ƙuri'a, wanda ya karkace ya miƙe shi, ko da lallashi ko da barazana. Tsohon malamin makaranta ne daga arewacin Ingila, shekarunsa sittin da biyu, matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Tun da ya karɓi wannan aiki, da zarar ya shiga ɗakin shan shayi na majalisa sai hira ta mutu. Har ya saba cin burodinsa da wake a teburin bakin taga, daga shi sai jarida.

Mutum ɗaya ce ba ta guje shi ba, Noreen Garside. Rana ɗaya suka shiga majalisa, shekara goma sha tara baya, kuma ita ce ta riƙe masa lema a maƙabarta ranar da aka binne matarsa. Makiyayi take ce masa, don ba shi da aiki sai ƙirga tumaki.

Da aka sa ranar ƙuri'a ta uku, babban mai tsawatarwa ya tara su ya ce shugabancin jam'iyya ya gaji da wasa. Duk wanda ya bijire wannan karon, ya bar jam'iyya ke nan. Sunan Noreen na cikin jerin Clive.

Ya same ta da hantsi tana zuba madara a shayi. Bai yi mata kwana-kwana ba, ya faɗa mata yadda aka yi. Ta ce a garinta akwai masana'antar kayan mota mai ma'aikata dubu biyu, kullum manyan motoci suna tsallaka teku da kayansu, kuma ta karanta yarjejeniyar shafi-shafi ba ta ga inda aka tuna da su ba. Ya ce in wannan ta faɗi, wadda za ta biyo baya sai ta fi ta muni. Ta ce tana iya yiwuwa, amma ba da hannunta ba.

“Kai kanka ka yarda da ita, Makiyayi?”

Ya ce ba a ɗauke shi aiki don ya yarda ba.

“To sha shayinka, yana hucewa.”

Ranar Juma'a da rana aka kaɗa ƙararrawar ƙuri'a, wadda a nan da ƙafa ake jefa ta: masu eh su bi zaure ɗaya, masu a'a su bi ɗaya. Clive ya tsaya a bakin zauren masu cewa eh, yana ƙirga mutanensa suna wucewa. Daga waje ana jiyo ihun masu zanga-zanga, kowane ɓangare da tutarsa, ruwa na dukansu. Ya hangi Noreen ta miƙe, ta gyara jakarta a kafaɗa, ta nufi ɗaya zauren tana ɗan ɗingishi. Ba ta waiwayo ba. Yarjejeniya ta sake faɗi.

Aka ce a sanar da waɗanda suka bijire ta waya, a taƙaice. Clive ya kasa. Ya ɗauki takardar korar Noreen da kansa ya hau bene zuwa ofishinta, yana ganin hakan ya fi mutunci. Ta karɓa, ta karanta a tsaye, ta ninke.

“Da ka bari wani ya kira ni. Da sai in ji haushin wani, ba kai ba.”

Ya so ya ce umarni ne, sai ya ga ai ta sani. Ya tsaya jim yana kallon hotunan jikokinta a bango, sannan ya jawo mata ƙofa.

Abin da duk aka yi dominsa bai kai ko'ina ba. Ba a jima ba shugabancin jam'iyya ya sauya hannu. Makonni aka kwashe ana neman magaji, 'yan takara sun kusan kai goma, kowa da ayarinsa a lungunan majalisa. Ba ayarin da ya nemi Clive. Masu zafin fita suna ganinsa bawan tsohuwar yarjejeniya, sauran kuma ba su manta wanda ya kai wa Noreen takarda ba. Da sabon shugabanci ya zauna, kiran da aka yi masa bai kai minti biyu ba: an gode da hidima, a miƙa makullin ofis kafin Litinin.

Ya koma bencin baya, wurin 'yan majalisar da ba su da muƙami. Daga nan yana hango Noreen a can gefe cikin waɗanda ba su da jam'iyya, da tabarau a kan hanci, tana rubuce-rubuce. In sun haɗu a hanya takan ce, “Sannu, Clive,” ta wuce. Ranar Alhamis ya hau jirgin ƙasa zuwa mazaɓarsa, inda mahaucin unguwa yake tambayarsa yaushe za a fita daga Tarayyar, ƙanwarsa kuma take tambayarsa yaushe 'yan majalisa za su dawo hayyacinsu. Ya buɗe gida, ya kunna rediyo don kawai a ji murya.

Da hunturu aka yi zaɓe. Noreen ta tsaya takara da ƙafarta ba jam'iyya, ta zo ta uku. Clive ya ci kujerarsa da ratar da bai taɓa samu ba. Sabuwar majalisa ta zartar da dokar fita cikin sauƙi, kamar ba ita ce ta hana ƙasa sakat ba. Ya bi zauren eh cikin sababbin fuskoki masu dariya da ɗaukar hoto, ɗaya daga cikinsu ma ya tare shi da ladabi yana tambayar hanyar ɗakin cin abinci, a zatonsa ma'aikacin gidan ne. Clive ya nuna masa.

Washegari ya kira gidan Noreen. Mijinta ya ɗauka, ya ce tana lambu, za ta neme shi. Kwana tara bai ji ta ba, har ya cire rai. A rana ta goma yana wanke kofi wayar ta yi ƙara.

Ba ta ambaci majalisa ba, shi ma bai ambata ba. Ta ce za a yi mata aikin gwiwa a watan Maris, likita ya ce sai ta yi mako shida ba ta tuƙi. Ya tambayi wane asibiti, ta faɗa masa. Ya ce daga gidansa tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota, in ana bukatar mai kai ta ganin likita.



“Zan duba,” in ji ta. “Ban ce eh ba, Clive. Na ce zan duba.”

Ya ce ya ji. Bayan ta ajiye, ya nemo biro ya rubuta sunan asibitin a bayan wani ambulan, ya koma ya ƙarasa wanke kofinsa.