Ƙarar Almakashi

Ranar da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, maigidana ya ƙi cin abinci. Makin Auta, 'yarmu, bai kai ba. Ya zauna a falo yana goge tabarau kamar an yi rasuwa.

"Wataƙila kan nata ne ba ya ɗauka," in ji shi. "Kada mu sake wahalar da ita."

Na ce, "Haba Baban Auta! Yarinyar da na haifa? Kai dai ci abincinka."

Na ja ta ɗaki na tambaye ta abin da ya faru. Ashe ko rabin tambayoyin ba ta kai ba lokaci ya ƙare. Duk wadda ta amsa sai ta koma ta duba, ta sake dubawa. To, ina mamaki? Ubanta a kantin magani yake aiki. Mutumin da ko maganin ciwon kai zai ba ka sai ya karanta kwalin gaba da baya, ya ƙirga ƙwayoyin, ya sake ƙirgawa. A gefen kantarsa ta girma. A can wannan hali ceton rai ne, a ɗakin jarrabawa kuwa ya ci mana shekara guda.

Ni tela ce, kuma ban san irin wannan jan ƙafa ba. Na sa aka sake yi mata rajista, na ajiye mata kujera kusa da kekena, da tulin tsoffin tambayoyi a cinya.

Na ce, "Duk lokacin da na gama layi kika ji almakashi ya yanke zare, ki wuce ta gaba. Ko kin gama ko ba ki gama ba."

"Mama, in kuskure ne fa?"

"Ya zauna a kuskurensa. Wuce!"

Da farko har kuka ta yi, masu kawo ɗinki suna cewa na cika zafi. Na ce su kawo yadinsu su bar min 'yata. Sannu a hankali sai ga shi tana riga ni, tana ɗago kai tana cewa, "Mama, kekenki ya tsufa." Ka ji 'yar nema!

Uban kuwa kullum da asuba yana addu'a, yana ramewa. Ni ko a jikina.

Sakamako na biyu ya zo a waya muna shago. Ta ci, har da rara. Jami'ar da ta nema kuma tana da nisa, ba za mu riƙa ganinta ba sai dai lokacin hutu. Uban ya zo a guje da farar rigar aikinsa, yana dariya kamar yaro.

Na ce, "Me na gaya muku? Tashi, Auta, in auna ki. Ba za ki tafi da tsoffin kaya ba."

Ta miƙe ta buɗe hannuwa. Na ɗora tef a kafaɗarta, na duba, na kasa ganin lambar. Wallahi sai a lokacin tsoro ya kama ni.