Sunan da Ke Wuyan Riga

Moussa na zaune a gabanta yana tsince albasa daga cikin shinkafa lokacin da matar da ke kan waya ta shaida wa Kadidiatou cewa mota ta kaɗe shi.

"Madam, ke ce mahaifiyar Moussa? Daga asibiti nake kira. An kawo shi bai san inda kansa yake ba."

Da Faransanci take magana, a natse, irin natsuwar wanda ya saba kai mugun labari. Kadidiatou ta dubi ɗanta. Ga shi dai, har da maiƙo a haɓa. Duk da haka ta kai hannu ta dafe kansa, ta matsa har yaron ya ce mata da zafi.

"Ɗana yana gabana," in ji ta. "A nan Lyon."

Matar ta yi mata bayani. Ta ce ita daga wajen Paris take kira. A Sevran aka ɗauko yaron daga kan titi, shi da kekensa. Sanye yake da rigar sanyi shuɗiya, a wuyan rigar kuma an rubuta Moussa, da wannan lambar waya.

"Alhamdu lillahi" ta kuɓuce daga bakin Kadidiatou. Kafin ta rufe baki ta gane wanda ke cikin rigar, kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda.

Ai ita ta rubuta sunan da hannunta, tun da malaman makarantar Moussa ba sa gajiya da cewa a sa wa kayan yara suna. Bara rigar ta yi masa kaɗan, ta tafi Sevran cikin buhu, wurin ƙawarta Batula. A kasuwar Barbès ta Paris suka haɗu shekarun baya, kowacce ta kama hannu ɗaya na wata rigar yara tana ja, sai Batula ta saki tsaki ta yi mita da Hausar Damagaram. Rigar dai wata Balarabiya ce ta saye ta, su kuwa suka tashi da zumunci. Yaro a Turai kamar kabewa yake: ki saya masa takalmi da sanyi, kafin zafi ya shigo yatsa ya fara neman hanyar fita. Sai suka ƙulla dabara. Ɗan Batula na bin bayan Moussa, 'yar Kadidiatou kuma na bin bayan Mariam, ƙaramar Batula. Kayan maza su hau Paris, na mata su gangaro Lyon, a hannun duk ɗan gida da ya kama hanya. Keken ma na Moussa ne. Batula ta ce tana tsoron titin unguwarsu, Kadidiatou ce ta matsa, ta ce keke ba ya zama a ɗaki alhali ga mai hawa.

"Madam, kina ji na? Kin san yaron?"

"Na san shi. Ɗan ƙawata ne."

"To, ba ni sunansa. Likita zai shiga da shi aiki, muna son mu duba ko akwai maganin da jikinsa ba ya so."

Kadidiatou ta shiga laluben sunan a ranta.

Ta san tsawon ƙafarsa. Ta san ba ya son ulu a wuya, ta san ja ba launinsa ba ne. Amma suna? Ɗan fari ne, Batula kuwa mace ce ta gargajiya, ko a Turai ba ta yar da alkunya ba. "Wancan" take ce masa, ko "mutumin naki". Ubansa Baba yake kiransa, saboda sunan mahaifinsa ya ci. Mariam ta ce Yaya. Shekara da shekaru Kadidiatou na tufatar da yaro, ba ta taɓa jin buƙatar tambaya ba. Sai yanzu ta gane abin da ya hana Batula goge sunan Moussa daga wuyan riga: in ta goge, da wane hannu za ta rubuta na ɗanta?

"Ba ki san sunan ɗan ƙawarki ba?" Muryar matar ta sauya kaɗan.

Ina za ta fara yi wa Baturiya bayanin kunya? Ta karanto mata lambar Batula, sannan ta roƙe ta don Allah ta bari ita ta fara kira. Faransancin Batula na ciniki ne, mijinta kuma yana Damagaram ɗauko kaya. Irin wannan labari ba a jefa wa mace shi da bakin baƙo.

"Ki yi sauri," in ji matar. "Ba mu da lokacin jira."

Batula ta ɗaga waya da fara'arta.

"Kadi! 'Yar halak, yanzu nike ɗaure buhunki. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya Moussa?"

"Lahiya lau. Yaya gida?"

"Lahiya ƙalau. Akwai wata rigar Mariam mai hure-hure, sau biyu ta sa ta. Na haɗa miki da takalman lakwal, na zuwa makaranta."

Can ƙasarsu ba a faɗin mugun abu kai tsaye. Akan ce jiki ya ɗan motsa, a bar mutum ya iso da ƙafarsa. Kadidiatou ta nemi irin waɗannan kalmomi ta rasa.

"Batula, ina mutumin nawa?"

"Yana waje da kekenki. Tun da kika ba shi, abinci ma sai an yi hwaɗa."

"Gaya mini sunansa."

Batula ta yi dariya. "Kadi, yau kuma? So kike in tsufa ba kunya?"

"Sunansa na takarda nike so. Likita ke tambaya."

Dariyar ta yanke. Kadidiatou ta ji ƙarar buhu ya zame ya faɗi, ta ji Mariam daga nesa tana tambayar mene ne. Ta ci gaba da magana da sauri, ta faɗi mota, ta faɗi asibitin, ta ce yana numfashi, wallahi yana numfashi. Ba ta san ko ana jin ta ba. A gabanta Moussa ya ajiye cokali yana kallonta.

"Bukari," in ji Batula, a hankali, kamar mai taɓa tukunya ta ji ko ta huce.

"To. Bari in kira su in gaya musu. Ki sa mayafi, ki nemi maƙwabciya ta raka ki."

Amma Batula ba ta kashe wayar ba. Kadidiatou ta ji an buɗe ƙofa, ta ji takun silifa a kan matakala, sannan ta sake jin sunan. Wannan karon da ƙarfi, kuma ba da ita ake ba.