Kamshaf Na Uku

Kamshaf uku bakanike ya jera wa Likita a kan benci, kowanne kwance bisa tsumma. Likitar haƙori ce, motarta ɗaya tal, kuma motar nan aiki biyu take yi. Ranar Asabar tana shiga filin tsere da ita, inda ta shekara biyu tana zuwa ta huɗu. Sauran ranaku kuwa ta kai mahaifinta asibiti gashin ƙashi, sannan ta wuce wurin aiki.

"Wannan ƙarfen shi ke buɗe bawul ya rufe," in ji bakanike. "Shi ke gaya wa inji yadda zai yi numfashi. Na farkon nan mai kunya ne, ba ruwansa da kowa. Na biyu shi ne naki: filinku gajere ne, kwana ta yi masa yawa, kuma cikin gari ba zai ba ki kunya ba. Na ukun nan kuwa ɗan iska ne. Ba ya farkawa sai kin take totur har ƙasa. A danja sai motar ta kama rawar ɗari, ta mutu in ta ga dama, birki ya yi tauri. Ke da kuloci sai kun gaji da juna."

Likita ta gyaɗa kai, amma rabin hankalinta yana wurin Baba. Garejin ba shi da kujera ko ɗaya, don haka bakanike ya zaunar da tsohon a kujerar gaban wata jar mota da aka kawo gyaran fitila. Yana zaune, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon bango.

Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana tuƙa tirela, kuma a da in ya fara magana sai an ajiye masa abinci ake samun sarari. Bara kunnensa ya mutu. An sayo masa na'urar ji, ya jefa ta cikin durowa, ya kama bakinsa. Yanzu daga "to" sai "a'a". Ta yi masa rubutu a takarda, ta yi masa magana da hannu, har faɗa ta tsokane shi da shi, shiru. Haƙori talatin take iya cirewa a rana, amma ta kasa ciro jimla ɗaya daga bakin ubanta, kuma abin yana cin ta ƙwarai.

"Bari dai in ji na ukun," ta ce.

"Ga irinsa can a cikin jar motar. Shiga ki tayar, ki ji da jikinki, ki dawo mu sa na biyu."

Ta shiga gefen Baba, ta murɗa makulli. Motar ta kama gurnani tana tangal-tangal, sitiyari na kakkarwa, wani biro ya gangaro daga dashbod ya faɗi. Baba ya ɗaga kai. Ya miƙa tafin hannu ya ɗora a kan dashbod, ya runtse ido.

"Wane marar tsoron Allah ne ya taɓa injin nan?"

Da ƙarfi ya faɗa, irin na wanda ba ya jin muryarsa. Likita ta daskare.

"Auta, ba ki ji ba? Silo ɗinta ba daidai ba ne. Ko dai fulogi ya mutu, ko an yi wa taimin ganganci. Haka wata tirela ta taɓa yi mini a kan hawa, da siminti buhu ɗari shida a baya..."

Bakanike ya leƙo ta taga zai yi bayani cewa lafiyar motar ƙalau, haka aka gina ta. Likita ta yi masa kallon da take yi wa mai motsi a kan kujerar cire haƙori, ya haɗiye maganarsa. Minti goma sha biyu Baba ya yi yana zuba, har da sunan hawan da zagin bakaniken da ya taɓa masa injin tirelar. Da suka koma tata motar, mai tafiya sumul kamar ba a kunna ta ba, bai ƙara cewa uffan ba har gida.

Washegari ta kira bakanike. "Sa mini na uku."

"Haba Likita! Wallahi ta bakwai za ki koma."

"Sa shi."

Hasashensa bai yi daidai ba. A tseren Asabar ta takwas ta zo.

Cikin gari kuwa abin sai addu'a. Ƙafarta ta hagu ta yi tsami, mai ya riƙa tafiya kamar ana zubarwa. Amma kullum da safe, da zarar danja ta tsayar da su motar ta fara rawa, Baba zai ɗora hannu a dashbod ya fara: an cuce ta, bakanikenta jahili ne, a zamaninsu da an kore shi daga sana'a. Daga nan ya gangara labarin yadda ya haɗu da mahaifiyarta, wanda ko ita ba ta taɓa jin sa ba.

Ranar Alhamis motar ta mutu a tsakiyar mahaɗa. Na baya suka cika titi da hon, Baba ko a jikinsa. Ya juyo ya ga idonta ya kawo ruwa, ya ɗauka kunyar motar ce.

"Kar ki damu, Auta, ba laifinki ba ne," ya ce. "Jibi Asabar ki bar tseren nan, ki zauna gida. Ni da ke za mu buɗe ta, in nuna miki da hannuna. In ba mu gano ba, sai wata Asabar ɗin."

Ta san ba abin da za su gano. Ta ɗaga masa kai alamar to, ta taka kuloci, ta sake murɗa makulli.