Na'ura Mai Ƙaho Huɗu

Malama Firdausi, mai koyar da kwamfuta a wata makaranta kusa da Gozaki, ta ajiye na'urorin intanet biyu a gaban kwamitin iyayen yara, domin a zaɓi wadda za a saka a azuzuwa. Ta yi bayani har bakinta ya bushe: ƙaramar tana da batir, sola ma tana cajinta, babbar kuwa ba ta motsi sai da wutar Nepa, wadda rabon garin da ita tun da iska ta kayar da turakun lantarki.

Alhaji Maitama, shugaban kwamitin, wanda ya yi suna wajen zaɓen shanun huɗa a kasuwa, ya ɗaga kowace ya jinjina nauyinta, ya shafa eriyoyin babbar.

"Malama, ƙaho huɗu fa gare ta. Waccan ko kunne babu. Ni ban taɓa sayen ramammen sa ba."

"Haba Alhaji, ai ba huɗa za ta yi ba!"

Dattawa suka kwashe da dariya, suka goyi bayansa, aka zaɓi babbar.

Da kaka ta yi, Malama Firdausi ta shiga aji ta dubi na'urar a bango, fitilarta ko ƙyaftawa ba ta taɓa yi ba. A kowane ƙaho an rataye masarar iri, don kada ɓera ya ci. Ta ja dogon tsaki. Alhaji na tsaye a ƙofa, sai murmushi yake.

"Kin gani ko, Malama? Da ƙaramar muka ɗauka, ina za mu rataye wannan?"