Malama da Surukinta a Zauren Majalisa

Tun da aka fara zancen haɗe masarautun biyu da kogi ya raba, cin abinci a gidan tsohon alƙali ya koma zaman kotu. Shi mutumin ƙetare ne, ƙaramar masarautar, aiki ya kawo shi wannan ɓangaren har ya tsufa. Matar ɗansa kuwa, wadda kowa ke kira Malama, 'yar nan ce, tarihi take koyarwa a kwaleji. Ita ce majalisar dattawa ta gayyata ta kawo hujjojin haɗewar.

"Baba, ku dai ku saurara," ta ce tana zuba masa shayi. "Harshenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya. Shekarar da fari ya cinye gonakinmu, rumbunanku ne suka ciyar da kakanninmu."

"To, mun ciyar da ku, sai ku haɗa da mu ku haɗiye?"

Mijinta ya ɗauki farantinsa ya sulale falo, wai zai ga labarai.

Maganar ta tsaya wa Malama a rai. Ta san abin da tsohon yake tsoro, kuma ta san yana da dalili. Akwai wani babi da masu son haɗewa ba sa so a taɓa, har shugaban kwamitinsu ya roƙe ta ta tsallake shi.

Ranar taron zauren ya cika maƙil, fanka ɗaya ce ke aiki. Ta hango surukinta a layi na biyu, ya dafa sandarsa, fuska ba annuri. Ta yi bayanin fari da kasuwa, ta kawo zamanin da mahara suka ci masarautun ɗaya bayan ɗaya don kowace ta tsaya kallon 'yar'uwarta. Aka tafa. Sai ta ajiye takardar jawabinta.

"An taɓa haɗewa," ta ce. "Shekaru masu yawa aka yi cikin wadata. Mu muka ɓata. Muka kwaso kotu da baitulmali muka kawo nan, muka bar mutanen ƙetare da biyan haraji. Ba su yi laifi ba da suka tafi."

Shugaban kwamiti ya sunkuyar da kai. Tsohon alƙali ya miƙe a hankali.

"Malama, in an haɗe, me zai hana a sake yi wa ƙetare haka?"

"Ranka ya daɗe, babu, sai in an rubuta tun farko: kotun ƙoli ta zauna a ƙetare, shugabanci kuma a riƙa karɓa-karɓa. In ba a yarda da wannan ba, ni ma ba na goyon baya."

Aka yi ta cacar baki har la'asar. Ba a haɗe a ranar ba, amma an amince a tura wakilai su zauna da dattawan ƙetare, kuma tsohon da kansa ya ce a sa sunansa.

A mota, suna hanyar gida, tsohon ya yi gyaran murya.

"'Yar nan, ba fa cewa na yi na yarda ba."

"Na sani, Baba."

"Amma za ki raka ni. Ƙanena yana cikin dattawan ƙetaren, kuma ya fi ni taurin kai."

Mijinta, da ke tuƙi, ya tuntsire da dariya har ya kusa wuce kwanar gida.